Rashin Ɗa'a: Bulalar Da Ba Ta San Bayan Manya Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani al'amari ne da ya faru a makarantar Islamiyyar da nake koyarwa, wanda har yanzu bai bar raina ba. Wani yaro ɗan shekara 13 ya iso bayan an rufe ƙofa, aka tsare shi tare da sauran makararru, aka yi musu bulala uku-uku. Yana cikin share hawaye sai ga malamin ajinsa ya shigo a kan babur, rabin sa'a bayan lokacin shiga aji. Yaron ya dube shi ya ce: "Malam, ai kai ma ka makara." Kafin a tashi ranar an kira taron malamai, an rubuta sunan yaron a littafin horo, an aika wa mahaifinsa takarda cewa an dakatar da ɗansa mako biyu saboda "rashin ɗa'a". Ina cikin waɗanda suka zauna a taron. Ban ce uffan ba, domin ni ma a wannan makon sau biyu na rubuta ƙarfe huɗu a rajistar malamai alhali huɗu da kwata ta gota kafin in iso. Allah Ya yafe mana.

Ban ce yaron ya kyauta ba. Akwai lafazin da ya fi wannan dacewa daga bakin ɗalibi zuwa ga malaminsa, kuma koya masa shi aikinmu ne. Amma tambayar da ta hana ni sakat ita ce: a cikin su biyun, wa ya fi cancanta a rubuta sunansa a littafin? Yaron da ya makara kansa ya cuta, ya kuma sha bulalarsa. Malamin da ya makara ya cuci aji guda da ke zaune yana jiransa, ya cuci iyayen da suka biya kuɗin wata, ya kuma rubuta ƙarya a rajista. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, sai aka kori wanda ya nuna shi.

Abin da nake so in tabbatar a wannan rubutu shi ne, mun birkita ma'anar wannan kalma. Mun mayar da ita bulala a hannun babba don bayan ƙarami, alhali a dokar ƙasa da kuma a shari'a nauyinta yana ƙaruwa ne gwargwadon amanar da mutum ke riƙe da ita.

Asalin kalmar

Kalmar ɗa'a mun aro ta ne daga Larabci, kuma ma'anarta a can biyayya. Da aka zo fassara dokokin aiki da na makaranta daga Ingilishi, sai aka ɗauki "rashin ɗa'a" aka ɗora wa wata kalma wadda ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba, wato mutum ya tafiyar da kansa, ko aikin da aka damƙa masa, ba bisa yadda ya kamata ba. Larabawan yau suna kiran wannan su'us suluk, munin hali. To, da yake kunnen Bahaushe ya saba jin ɗa'a a matsayin abin da yaro ke yi wa babba, bara ke yi wa ubangidansa, sai kalmar ta zama kamar ruwa, gangare kawai take bi. Za ka ji an ce masinja ya yi rashin ɗa'a, ɗalibi ya yi rashin ɗa'a, kurtu ya yi rashin ɗa'a. Mai karatu, yaushe rabonka da jin an ce darakta ya yi wa masinjansa rashin ɗa'a, ko shugaban makaranta ya yi wa ɗalibansa? Idan babba ya yi nasa, sai a nemo masa kalma mai laushi, a ce kuskure ne, ko ajizanci, ko sha'anin aiki.

Ko a ma'anarta ta biyayya ma, Musulunci bai bar ta sakaka ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Ali (RA) cewa Annabi (SAW) ya tura wata runduna ya naɗa musu shugaba. A hanya shugaban ya fusata, ya sa suka tara itace suka hura wuta, sannan ya umarce su da su faɗa ciki. Suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), ya bayyana cewa da sun shiga da ba su fito ba, kuma biyayya tana cikin abin da yake kyakkyawa ne kawai. Haka nan Sayyidina Abubakar (RA), a huɗubarsa ta farko bayan mubaya'a, ya rataya biyayyar jama'a gare shi a kan biyayyarsa ga Allah da ManzonSa, ya kuma nemi a miƙar da shi idan ya karkace. Ashe ke nan akwai wata ɗa'a da ke sama da ta ƙarami ga babba, kuma babban ne farkon wanda ake bi bashinta.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Da yawa daga cikinmu sun shekara biyar, wasu goma, suna aikin gwamnati ba su taɓa buɗe kundin ƙa'idojin aikin da suka sa hannu a kansa ba. Bari in kawo abin da ke cikin kundin Ƙa'idojin Aikin Gwamnatin Tarayya, bugun 2008, wanda aka sabunta a bugun 2021. Ya raba laifin gida biyu. Akwai rashin ɗa'a, wato aikin ba daidai ba da ke zubar da mutuncin aiki, wanda za a iya bincika a kuma tabbatar. A cikinsa an lissafa yawan makara, barci a bakin aiki, sakaci, ƙaryar rashin lafiya, talla a harabar ofis, jinkirta takardar aiki da gangan, ƙin bin umarnin da ya dace da doka, da rashin ladabi ga jama'a. Sannan akwai babban rashin ɗa'a, wanda kan kai ga kora: sauya bayanai, danne fayil, fashin aiki ba izini, cin hanci, almundahana, fifita dangi ko na kusa, riƙe cikakken aikin albashi fiye da ɗaya, da neman lalata da wanda ke ƙarƙashinka.

Dubi wannan jeri da kyau. Ƙin bin na gaba ɗan yanki ne kawai a ciki, kuma ko shi an gindaya masa sharaɗin umarnin ya dace da doka. Mafi yawan sauran laifuffuka ne da mai kujera ke yi wa wanda ba shi da kujera. Tsohon da ya zo daga ƙauye yana bin fanshonsa, aka bar shi tsaye tun safe har la'asar sannan aka ce masa ya dawo jibi, shi ne wanda dokar ta ce a yi wa ladabi. A wurinmu kuwa, shi ake jira ya durƙusa.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kai kalmar har kujerar da babu ta sama da ita. Sashe na 143 ya tanadi tsige shugaban ƙasa ko mataimakinsa saboda babban rashin ɗa'a, sashe na 188 ya tanadi haka ga gwamna, sashe na 292 kuma ga alƙalai. Jadawali na biyar ya wajabta wa ma'aikaci bayyana kadarorinsa lokacin kama aiki da duk bayan shekara huɗu da lokacin barinsa, ya hana shi karɓar wani abu saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aiki, ya kuma hana mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci in ban da noma. Domin wannan aka kafa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da kotunta.

Sai dai akwai ɓaraka a nan da ya kamata a sani. Kundin ya fassara babban rashin ɗa'a da mummunan saɓa wa tsarin mulki, ko duk abin da majalisa ta ga ya kai hakan a ra'ayinta. Wato ma'anar tana hannun masu rinjaye. A watan Yunin 1981, ƙarƙashin tsarin mulkin 1979, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, Allah Ya jiƙansa, bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da kwamishinoninsa. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. A watan Janairun 2006 kuwa, 'yan majalisa 18 daga cikin 32 na Jihar Oyo suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja bayan wani zama da suka yi a otal a Ibadan, sai a watan Disamba na shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe tsigewar ya koma kujerarsa. Darasin da ke ciki ɗaya ne da na taron malamanmu: idan aka bar wa mai ƙarfi ya fassara rashin ɗa'a yadda ya so, to rashin ɗa'a zai zama duk abin da ya ɓata masa rai.

A makaranta

Mu dawo fagen da na fi sani. Satar jarrabawa tsohuwar cuta ce a ƙasar nan. Manyanmu ba su manta da fallasar tambayoyin WAEC ta 1977 ba. Gwamnatin soja ta 1984 ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 a kanta. A 1999 aka yi wata doka ta musamman kan maguɗin jarrabawa, kuma abin lura a cikinta shi ne yadda ta bambanta hukunci. Yaron da bai kai shekara 18 ba, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun. Shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido kuwa, ɗaurin shekara huɗu babu zaɓin tara. Masu wannan doka sun fahimci abin da muke runtse ido daga gare shi: laifin mai riƙe da amana ya fi na wanda aka ba shi amanarsa.

To, yaya abin yake a aikace? Wa ke tara kuɗin "taimako" daga ɗalibai kafin jarrabawa? Wa ke rubuta amsa a allo? Wa ke tsayawa a bakin ƙofa yana gadin zuwan jami'in sa ido? Wa ke ɗauke ɗansa daga makarantar da ya yi shekara biyar a cikinta, ya kai shi wadda ta yi suna da cewa ba a faɗuwa a cikinta? Malamai ne da shugabanni da iyaye. Ranar da asiri ya tonu kuwa, sakamakon yaro ake riƙewa, malami ya koma aji ya ci gaba da koyar da darasin tarbiyya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Har cikinmu masu gemu da ɗage wando akwai masu kiran wannan taimakon ɗan uwa Musulmi, wai don kada a bar mu a baya. Subhanallah! Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barrantar da mai algus daga tafarkinsa. Muslim ne ya ruwaito. Idan wannan ne hukuncin ɓoye jiƙaƙƙen hatsi, yaya hukuncin ɓoye jahilci a ƙarƙashin takarda? Takardar kammala makaranta sunanta shahada a Larabci, mu ma takardar shaida muke ce mata. Malamin da ya sa hannu cewa yaro ya san abin da bai sani ba ya yi shaidar zur, wadda Annabi (SAW) ya lissafa cikin mafi girman manyan zunubai. Kuma cutar ba ta tsayawa a ɗakin jarrabawa. Wannan yaron shi ne gobe zai yi wa mahaifiyarka allura, shi zai auna ƙarfen gadar da za ka bi, shi zai koyar da ɗanka.

Mafi muni daga wannan shi ne malamin da ke sayar da maki da mutuncin ɗaliba. A watan Disamba na 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu saboda neman lalata da ɗalibarsa domin ya ba ta maki, bayan hukumar ICPC ta gurfanar da shi. A watan Oktoban 2019 binciken sirri na BBC ya fallasa irin wannan a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. Kada wani ya ce wannan matsalar Kudu ce, ko ta boko. Duk inda aka ba namiji iko a kan makomar yarinya aka kuma rufe ƙofa, fitina na iya shiga, ko da allon da ke bakin ƙofar da Larabci aka rubuta shi. Idan abin ya faru, tambayar farko da muke yi ita ce wace irin shiga ta yi, sai wani ya kawo karin maganar ɓera da daddawa. Ita shiga ta kamala wajibi ce, kuma muna koyar da ita kullum. Amma alƙalamin maki a hannun wa yake? Sannan mu ce a rufa asiri, a sallame shi shiru, ya tafi wata makaranta da takardar yabo. Suturta Musulmi da shari'a ta kwaɗaitar tana kan zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ɓoye wanda ke cutar da 'ya'yan mutane don ya samu sababbin waɗanda zai cuta, wannan taimakekeniya ce a kan zunubi.

A wurin aiki

A nan ne nake da magana da wasu 'yan uwa da ke cewa waɗannan ƙa'idoji dokokin boko ne, saɓa musu ba zunubi ba ne tunda ba aya ba ce ba hadisi ba. Ɗan uwa, ranar da ka karɓi takardar kama aiki ka sa hannu, ka ƙulla alkawari, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika alkawuran da suka ƙulla. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai ajirun mushtarak, kamar tela ko marini, wanda ake biya saboda aikin da ya gama, yana kuma karɓar aikin mutane da yawa. Akwai ajirun khas, wanda ake biya saboda lokacinsa, kuma wannan lokacin ya zama haƙƙin wanda ya ɗauke shi. Ma'aikacin albashi yana cikin kashi na biyu. Sa'o'in da ke tsakanin shigarka da tashinka ka riga ka sayar da su. Wanda ya karɓi albashi cif ya ba da aiki rabi, ya sake karanta farkon Suratul Muɗaffifina, inda aka yi narkon azaba ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar.

Abin da ya fi ciwo shi ne mayar da ibada mafaka. Mutum ya fita sallar Azahar ƙarfe ɗaya, ba a sake ganinsa ba sai uku saura, jama'a na zaune a benci. Ranar Juma'a kuwa daga masallaci sai gida, alhali Suratul Jumu'a da kanta ta ce idan an idar da salla a watsu a nemi falalar Allah. Salla ba ta cin fiye da 'yan mintuna. Abokin aikinka da ba Musulmi ba yana kallo, kuma abin da yake koya game da addininka ke nan.

Wasu kuma suna cewa dukiyar gwamnati ba ta kowa ba ce. Hasali ma ta kowa ce, shi ya sa cin ta ya fi haɗari, domin masu bin ka bashi ranar ƙiyama ba su ƙirguwa. A hadisin Adiyyu ɗan Amira da Muslim ya ruwaito, wanda aka ɗora a kan aiki ya ɓoye ko da allura ce, ya yi gululu, kuma zai zo da shi ranar ƙiyama. A 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi fiye da 23,000 daga jerin albashi. Kowane suna a cikinsu wani ne ya rubuta shi, wani ya tantance, wani ya sa hannu. Ba masinja ba ne ke da waɗannan alƙaluman.

Sai kuma "na goro" da "ihsani". Annabi (SAW) ya tura wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ware kashi ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya tambayi dalilin da ya hana irin wannan ma'aikaci ya zauna a gidan ubansa ko na uwarsa ya gani ko kyautar za ta iske shi. Ga ma'auni nan, kowa ya auna kansa: ragon Sallah da buhun shinkafar da ke zuwa gidanka, za su ci gaba da zuwa bayan ka yi ritaya? Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) yakan rubuta dukiyar wanda ya naɗa gwamna, idan ya ga ta bunƙasa fiye da ƙima ya raba ta, wani kaso ya shiga baitulmali. Bayyana kadara ke nan, ƙarni da yawa kafin a haifi Nijeriya. A ƙasarmu ma, cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai abin da ake kai wa masu mulki da sunan gaisuwa. Ƙanensa Malam Abdullahi, 'yan shekaru kaɗan bayan fara jihadi a 1804, ya bar rundunar don takaicin yadda son duniya ya shiga zukatan jama'a, kuma a zamansa na Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami don masu mulki su san iyakarsu. Wanda ya ce horon mai kujera baƙon abu ne da Turawa suka kawo bai karanta gadonsa ba.

Uzurin albashi

Na san abin da za a ce mini: Malam, albashin ba ya isa. Gaskiya ne, kuma ba labari aka ba ni ba. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma na san malaman Islamiyya da abin da suke karɓa bai kai rabin haka ba, kuma sai wata ya yi nisa. Wannan ma rashin ɗa'a ne, na mai makaranta da na duk shugaban da ke danne haƙƙin ma'aikaci. Buhari ya ruwaito hadisin ƙudusi cewa mutum uku Allah ne da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗayansu wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya karɓi aiki cikakke ya hana shi ladansa. Sai dai wanda aka zalunta yana da hanyoyinsa: ya nemi ƙari, ya kai ƙara, ya haɗu da 'yan uwansa su yi magana da murya ɗaya, ko ya ajiye aikin. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya rama a kan wanda bai zalunce shi ba. Yaran da ke jira a aji ba su suka yanke albashina ba. Tsohon da ke bin fansho ba shi ya hana ka ƙarin girma ba.

A ji ba'asi kafin hukunci

Abu na ƙarshe shi ne hanyar hukunci. Ƙa'idojin aiki sun tanadi a ba wanda ake zargi takardar neman ba'asi, a rubuce, a kuma ba shi lokaci ya kare kansa, sannan sashe na 36 na tsarin mulki ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum. Alƙur'ani ya riga su. A Suratun Namli, Annabi Sulaimanu (AS) ya binciki tsuntsaye ya tarar alhuduhudu ba ya nan. Ya yi barazanar hukunci mai tsanani, amma ya bar ƙofa a buɗe idan zai zo da hujja bayyananniya. Da ya zo da uzurinsa kuma bai gaskata nan take ba, bai ƙaryata ba, sai da ya bincika. Sarkin da aka hore wa iska da aljanu ya saurari tsuntsu. Mu kuwa malamai goma sha wani abu muka yanke wa ɗan shekara 13 hukunci ba tare da an shigo da shi ɗakin ba, kuma wanda ya kawo ƙarar yana cikin alƙalan.

Lokacin da wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata aka turo Usama ɗan Zaidu (RA) ya yi ceto, Annabi (SAW) ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun da suka gabata shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi sata da tsayar da haddi a kan mai rauni. Wannan halaka ba daga fada take farawa ba. A aji take farawa, ranar da yaro ya gane cewa doka ta ƙananan mutane ce. Daga ranar burinsa ya zama ya girma ya fi ƙarfinta, kuma shi ne darakta da ɗan majalisa na gobe.

Nasiha gare ni da ku

Ya ku matasa 'yan uwana, wanda ke aiki a cikinku ya nemi kundin ƙa'idojin wurin aikinsa ya karanta kamar yadda ya karanta Ahalari da Ishmawi don ya gyara sallarsa, domin halaccin abincin iyalinsa yana rataye da shi. Ya rubuta ainihin lokacin da ya iso a rajista ko da za a yanke masa. Kada ya sa wa abokinsa hannu. Ɗalibi ya ƙi "taimako" ko da zai maimaita shekara. Wanda kuma Allah Ya ɗora a kan wasu, ko da shugaban aji ne, ya fara karanta wa kansa dokar kafin ya karanta wa na ƙasa da shi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani.

Ni dai na je gidan su yaron nan na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa kan shirun da na yi, na kuma nuna masa yadda zai faɗi gaskiya ga na gaba da shi cikin ladabi. Na kai shawara taron malamai cewa a riƙa ajiye rajistarmu a bakin ƙofa, a ja layi a daidai lokacin da ake rufe wa yara. Wasu sun yarda, wasu sun ce wannan zubar da girman malamai ne, har wani ya ce kawo maganar ma rashin ɗa'a ne ga shugaban makaranta. Maganar tana nan ba a yanke ba, ina roƙon addu'arku.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare ni ne da Shaiɗan. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsarkake abincinmu, Ya sa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.